Ƙoƙo a Tsakiyar Faifai

Ta ɗiga mini magani, ta ce in jira a waje.
Kafin minti ashirin Sheffield ta narke a taga,
ruwan sama da fitilun motoci sun dame kamar kunu.
Ni da nake jan bas mai hawa biyu tun asuba
daga Hillsborough zuwa tsakiyar gari,
ga ni na kasa karanta lambar ƙofa.

"Ɗora haɓa a nan, Malam Haladu. Kalli kunnena."
Na kalli kunnen Dakta Pemberton,
ɗan kunnen azurfa, bai fi ƙwayar dawa ba,
ita kuwa ta zura haske ta leƙa ni
har can inda ni kaina ban taɓa zuwa ba.

Sai ta juyo da allon.
Fili ja, jijiyoyi sun barbazu kamar saiwar kuka,
duk sun nufi wani ɗan faifai mai haske.
"Nan ne mashigar gani," in ji ta.
"Farin tsakiyar nan rami ne, ƙoƙo muke ce masa.
Naka babba ne. Bakwai cikin goma."

Na ce, to, hawan jinin ido ke nan?
Ta ce, kada ka yi sauri.
Babban gida da babbar tsakar gida yake zuwa.
Faifanka ma babba ne, na hagu ya ɗan karkace,
dogo-dogo, kamar ƙwan zabo.
Faɗin ramin bai dame ni ba
kamar kaurin gaɓar da ta kewaye shi.
Akwai wanda aka haifa da shi haka, ya tsufa garau.
Akwai wanda ake gutsurar masa, bai sani ba.

Sai na tuna Baba a Gumel.
Yana zura zare a allura, ya yi mana dariya,
ya miƙe ya yi karo da turmin da ke gefensa.
Muka ce tsufa.
Ashe gara ce ke cin tabarmar daga baki-baki,
tsakiya ta bari sai ƙarshe.
Bai taɓa cewa ido na masa ciwo ba. Ko sau ɗaya.

Aka sa kaina cikin wata farar ƙwarya,
aka ba ni maɓalli:
duk tartsatsin da ka gani, danna.
Na danna, na danna.
Wani na gani, wani ina jin tsoro ne ya danna,
lasisina yana aljihun gaba yana sauraro.

Ta nemo hoton da shagon tabarau ya ɗauka
shekara tara baya, ban ma san sun ajiye ba.
Ta jera su, na da da na yau.
Ta yi shiru. Ta matso. Ta koma baya.
"Kusan ɗaya suke."

Kusan.
Kalma 'yar mitsitsiya, amma ta cika ɗakin.

"Awon ruwan idonka lafiya, gefen ganinka lafiya.
Ƙasan na hagun nan ne nake so in sake gani.
Hoto ɗaya ba ya ba da shaida.
Wata shida, ka dawo.
Ka kuma gaya wa 'yan'uwanka su je a leƙa su."

Rumasa'u ce ta tuƙo ni gida, ina runtse ido.
Da dare na kira Yaya Ɗanjummai,
ya ce shi ras yake gani.
Na ce Baba ma allura yake zurawa.
Layin ya yi tsit. Can ya ce, wane asibiti?

Litinin, ƙarfe shida saura, na tada bas.
A gangaren Langsett, idona na kan hanya,
wani mai keke da rigar ruwan ɗorawa
ya ɓullo ta wutsiyar idon hagu.
Ban juya ba na gan shi.
Na rage wuta, na ba shi hanya,
na ce alhamdulillahi a hankali,
don kada fasinjan gaba ya ji.